Wutar Taya Ta Ƙi Mutuwa: Wace Sensa Za Ka Saka wa Tsohuwar Motarka?

Duk wanda ya riƙe mota 'yar Amurka ƙirar 2008 zuwa sama ya san wutar nan mai ruwan ɗorawa da ke kamawa a gaban sitiyari, mai siffar tukunya da alamar motsin rai a tsakiyarta, wadda ke gargaɗin cewa iskar taya ta yi ƙasa. A Gusau da wuya ka shiga Camry ko Accord ta wancan zamanin ba ka tarar da ita a kunne ba, kuma mai motar ya daɗe da daina ganinta. Ido ya saba.

Ni ma haka nawa ya saba. Camry ce gare ni ƙirar 2009. Wutar ta fara ne lokacin hunturu, ta kama da asuba, in rana ta ɗaga ta mutu. Da bazara ta shigo sai ta canza hali: in na tayar da mota ta yi ta ƙiftawa na ɗan lokaci, sannan ta tsaya cak. Na kai wa mai faci, ya zagaya tayoyin da gejinsa, ya ce, "Alhaji, wagga wuta ba ta hana mota tafiya, iskarka lafiya lau take." Wani rewaya ya ce in kawo ya liƙa mata baƙin salatif ta ciki, in huta. Ban yarda an liƙa ba, amma ban gyara ba. Na yi watanni a haka, har ranar da na sauka Funtua daga Gusau na ga tayar baya ta hannun dama ta kwanta. Da aka auna iskarta 19 ta nuna a ma'aunin PSI, ƙusa ce ta shige ta. Ban san a inda na taka ta ba, ko tun Kwatarkwashi ko bayan Tsafe. Abin da na sani shi ne wutar da aka yi don ta gaya mini tana kunne tun daga ƙofar gida, saboda haka ba ta da wani sabon labari da za ta ba ni.

Wannan ne ya sa nake ɗaukar maganar da nauyi. A wasu ƙasashe amfanin sensar taya shi ne tsimin mai da hana taya saurin cinyewa. A Zamfara akwai abin da ya fi wannan. Duk mai bin hanyar Tsafe zuwa Funtua, ko ta Bungudu da Maru zuwa Talata Mafara, ya san akwai wuraren da ba ya fatan mota ta tsayar da shi, balle ya durƙusa yana ɗaura safaya da iyalinsa a ciki. Sensa mai aiki tana ba ka damar zaɓen inda za ka tsaya, tun iskar tana zurarewa a hankali, kafin taya ta yi zafi ta yi bindiga.

Dokar tilasta saka na'urar ma daga haɗurra ta fito. Bayan tayoyin Firestone sun yi ta farfashewa a jikin motocin Ford Explorer, majalisar Amurka ta yi doka a shekarar 2000, kuma daga watan Satumba na 2007 ya zama tilas kowace sabuwar ƙaramar mota a can ta fito da tsarin, wanda ake kira TPMS. Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan duk sababbin ƙananan motoci a watan Nuwamba na 2014. Shi ya sa 'yar Amurka ta 2008 take da shi, tsararta 'yar Turai kuwa sau da yawa babu. Ita sensar 'yar ƙarama ce, tana maƙale a gindin bawul ta cikin taya. Tana auna iska da zafi, ta aika wa ƙwaƙwalwar mota ta hanyar rediyo tare da lambarta ta shaida, wadda babu wata sensa mai irinta. A cikinta akwai ɗan batir da aka zuba wa ƙaro aka rufe ruf, kuma rayuwarsa shekara 5 ce zuwa 10. Motar da ta haura shekara 15, in sensocinta na asali ne, to sun ci lokacinsu har sun ci na wasu.

Kafin ka fitar da ko sisi, sai ka tabbata sensar ce ta mutu, don mutane da yawa suna sayen abin da ba shi ne ciwon ba. Wutar da kanta tana magana iri biyu. In ta kama ta tsaya ba ƙiftawa, tana cewa iskar wata taya ta yi ƙasa, kuma a ƙa'idar Amurka hakan na faruwa ne in ta ragu da kashi 25 cikin 100. Wato in motarka 32 take so, sai ta sauka wajen 24 za ka ji daga gare ta. In kuwa ta yi ta ƙiftawa na daƙiƙa 60 zuwa 90 sannan ta tsaya, tana cewa ita kanta na'urar ce ba lafiya, yawanci akwai sensar da ta daina jin muryarta. Gobe da safe in ka murɗa makulli, ka zuba mata ido na minti biyu. Rabin binciken ke nan, kuma kyauta ne. Mai shirin sayen mota ma ya lura da wannan lokacin: ya kamata wutar ta kama na 'yan daƙiƙu tare da sauran sannan ta mutu. In ba ta kama ba ko kaɗan, wani ya riga ya rufe mata baki.

Daga nan sai awo, da safe, kafin taya ta taka kwalta. Lambar da za ka bi tana jikin takardar da aka manna a madogarar ƙofar direba, kuma a ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 ne da 35. Lambar da ke jikin taya, 44 ko 51, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke so ba, ko da yake ita masu faci da yawa suke bi. Iska tana sauka da kusan lamba ɗaya duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 5 ko 6 a ma'aunin Salsiyos. Ka ga kenan tayar da aka hura da rana tsaka a watan Oktoba tana iya wayar gari a Janairu ta yi ƙasa sosai ba tare da ƙusa ta taɓa ta ba. Wutar da ke kamawa da asuba ta mutu da hantsi gaskiya take faɗa, iska take so, ba sabuwar sensa ba. Kar a manta da safaya. Wasu manyan motocin Toyota masu cikakkiyar safaya suna da sensa ta biyar a cikinta, sai mutum ya yi ta hura huɗun ƙasa, alhali mai ƙorafin tana rataye a baya ko a ƙarƙashin mota.

Akwai kuma motocin da babu sensa a tayoyinsu sam, amma suna da wutar. Accord daga ƙirar 2013 haka take, haka ma motocin Volkswagen da dama. Su saurin juyawar ƙafafu suke lissafawa ta na'urar birkin ABS, tunda tayar da iskarta ta ragu takan ƙanƙance ta fi sauran saurin juyi. Irin waɗannan in ka daidaita iska sai ka sake saita su da maɓalli ko ta allon mota. Duk wanda ya ce zai sayar maka da sensar cikin taya a kansu, ka riƙe kuɗinka.

In iska daidai take kuma wuta tana ƙiftawa, lokacin na'urar gwaji ya yi. Ba kowace kwamfutar duba inji ce ke wannan aikin ba, ka tambayi mai garejin ko tasa tana tada sensar taya. Ana kara ta ne a gefen taya kusa da bawul, ta tashi sensar daga barci, sai lambar shaida da yawan iska da zafi da ƙarfin batir su fito a allo. Na tsaya a kan mai gwajin ranar da aka yi mini: ta gaba hagu ta amsa nan take, ta gaba dama ta amsa amma allon ya nuna batir ya yi rauni, ta baya hagu sai a gwaji na uku, ta baya dama shiru. Da aka kwance wannan ta ƙarshen sai ga ta a fashe gida biyu, da shatin liba a jikinta. Ba batir ne ya kashe ta ba, wajen wani faci ne can baya. In duka huɗun sun amsa amma mota ba ta jin su, wataƙila an canza rim ne ba a shigar da lambobin ba, ko kuma na'urar karɓar saƙon ce da matsala, kuma wata cajar waya mai araha da aka soka a mota tana iya toshe saƙon, a cire ta a gwada. In duka huɗun sun yi shiru, ka duba bawul ɗin. Na Toyota da Honda na wancan zamanin na alminiyom ne mai noti a gindi. In ka ga baƙar roba, akwai yiwuwar an daɗe da cire sensocin an jefar, musamman in an taɓa zura tub a cikin tayar.

To, an gano mai laifi. Me za a saka?

Abin da aka fi tallata wa mutum shi ne 'yar Baljiyam, wadda aka ciro daga rim ɗin wata motar da aka yanka. Ta fi araha, ta asali ce, kuma jikinta kan yi kyau. A sauran kayan gyara ni ma ina cikin masu fifita Baljiyam a kan sabon jabu, amma ban da nan. Cinikin biri a sama ne. Abin da ke mutuwa a sensa batir ne, shi kuwa ba a ganinsa, kuma in ta fito daga mota tsarar taka to shekarunsu ɗaya da wadda ka cire. Ko na'urar gwaji ta ce batirin lafiya, ba ta ce maka saura wata nawa ba. Ga kuma maganar zangon rediyon da sensa ke aika saƙo a kai: motocin Amurka galibi a kan megahaz 315 suke magana, na Turai a kan 433. Sensa biyu za su iya zama kamar an tsaga kara a ido, amma ɗaya ba za ta taɓa jituwa da motarka ba. In hali ya tilasta maka ita, kar ka biya sai an tada ta da na'ura a gabanka, an ga zangon, kuma lambar kayan da ke jikinta ta yi daidai da ta tsohuwarka. Ka kuma lissafa cewa duk ranar da ta mutu sai ka sake biyan kwance taya da shigar da lamba, wanda shi ne ke cinye arahar.

Sabuwa ta asali ita ce mafi kwanciyar hankali, kuma ita ce mafi tsada. Na Toyota kamfanin Pacific na Japan ne ke ƙera da yawansu, ana kuma samun su a kwalin Denso. Ba ta bukatar a koya mata komai, tana fitowa da harshen motarka. Sai dai tana zuwa da sabuwar lambar shaida, dole a shigar da ita cikin ƙwaƙwalwar mota. A nan motoci suka bambanta. Wasu suna koyon sabuwar lamba da kansu in an yi 'yar tafiya. Na General Motors ana zagaya tayoyin ɗaya bayan ɗaya, mota tana yin oda duk wadda ta gane. Toyota da Honda na shekarun nan kuwa sai an jona kwamfuta a soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari an rubuta lambobin. Mutane da yawa suna ruɗuwa da ɗan maɓallin da ke wasu Toyota mai alamar taya. Ba ya shigar da sabuwar sensa. Aikinsa shi ne ya ce wa mota iskar da ke cikin tayoyi yanzu ita ce ma'auni, don haka in ka danna shi bayan mai faci ya ɗura maka 45, ka rikita lissafin da kanka. Babbar damuwata da ta asali ita ce samunta. Sau da yawa sai an aika Kano ko Kaduna ko Legas, kuma kwali mai sunan babban kamfani ba shi ne shaidar abin da ke ciki ba. In farashin "orijina" ya yi kusa da na Baljiyam, ka yi shakka. Kafin a ɗaura, ka ɗauki hoton lambar da ke jikinta da wayarka, don in ta shige cikin taya ba ka sake ganinta.

Ta uku ita ce wadda na zaɓa, kuma ita nake ganin ta fi dacewa da yawancin tsofaffin motocinmu: sabuwar sensa ta gama-gari da ake rubuta wa bayanin mota. Autel suna da ita, Schrader ma suna da tasu. Tana zuwa ne wayam, sai mai gyara ya zaɓi irin motar da shekararta a na'urarsa ya ɗura mata. Ta Autel tana iya magana a zangon 315 da 433 duka, saboda haka tambayar 'yar Amurka ce ko 'yar Turai ta kau. Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya kwafar lambar tsohuwar sensa a zuba wa sabuwar. Mota ba ta ma san an yi canji ba, ba sai an taɓa ƙwaƙwalwarta ba. Ko tsohuwar ta mutu murus, ana karanta lambar a jikinta ko a ciro ta daga mota ta OBD. Kuɗinta yawanci bai kai na asali ba, batirinta kuwa sabo ne dal. Inda take da rauni shi ne ta dogara ga mutum: sensar kowane kamfani galibi da na'urar da ta san ta ake rubuta mata, don haka kar ka saya a intanet sannan ka fara yawon neman mai ɗura ta. Ka fara samun mai na'urar, ka saya ta hannunsa ko da shawararsa. Kuma in an kwafi lambar sensar da ke da sauran rai, kar a bar tsohuwar a cikin but, don murya biyu masu suna ɗaya za su rikita mota.

Akwai masu cewa a fasa sensar a canza batir kawai. Ana yi, kuma yaran da ke gyaran waya suna da hannun da zai iya. Ribarsa ita ce lambar ba ta canza ba. Amma sai an ƙwaƙule ƙaron, an samo batir mai jure zafi mai ƙafafun liƙi, an sake rufewa yadda jijjiga ba za ta ɓalle shi ba. Abin da zai yi ta juyi a cikin taya a kan kwaltar watan Afrilu, ga ramuka, ba wurin gwaji ba ne. Sau da yawa gyaran gangar Auzinawa ake yi.

Sai kuma hanyar da ba ta bi ta ƙwaƙwalwar mota kwata-kwata: sensoci huɗu masu kama da murfin bawul da ake ɗaurawa ta waje, da ɗan allo da ake ajiyewa a gaban gilas, wasu masu cajin rana. Ba a kwance taya, kai da kanka za ka ɗaura cikin 'yan mintuna, batirinsu irin na agogo ne da ake canzawa. Suna kuma yin abin da Camry ta 2009 ba ta yi: suna nuna maka lambar kowace taya da zafinta kana cikin tafiya, ka ga 32 ta koma 30 ta koma 28 tun kafin wata wuta ta ce uffan. Ga direban Golf ko Sharon ko 406 da ke lodi zuwa Sakkwato ko Ƙauran Namoda, wanda motarsa ba ta zo da komai ba, wannan ce hanyar da ta fi sauƙi, kuma kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Amma ka san abin da ka saya. Don ta auna iska, sensar tana danne 'yar allurar cikin bawul ne a kowane lokaci, wato robar da ke cikin murfin ita kaɗai ke riƙe iskarka. In ta tsufa ko ba a ɗaure da kyau ba, na'urar da ka saya don ta kama zurarar iska ita ce za ta zurar da ita. A shafa ruwan sabulu bayan ɗaurawa a ga ko zai yi kumfa. Nauyinta yana wahalar da tsohon bawul na roba, gara a saka sabo gajere. Tana waje, yara na iya kwancewa, duk da ɗan notin kulle da take zuwa da shi, wanda shi kuma yake ƙara maka aiki duk ranar shan iska. Allon ma ba ya son a bar shi a rana a rufaffiyar mota. Wutar gaban sitiyari kuwa tana nan a kunne, don motar ba ta san da zamansu ba.

Wanda motarsa ba ta wuce Tudun Wada zuwa Samaru, daga gida sai ofis sai makarantar yara, ba zan ce lallai ya kashe kuɗin sensa huɗu ba. Ya saka bawul na roba mai kyau, ya sayi geji nasa na kansa ya ajiye a mota, ya riƙa aunawa duk ranar Juma'a da safe. Wannan zaɓi ne na mutunci, muddin zai auna ɗin da gaske. Ka ma lura cewa mai sensa ba ya kuɓuta daga geji, tunda tayar da ta sauka daga 32 zuwa 26 tana cinyewa tana shan mai, wutar kuwa ba ta kama ba tukuna, kuma yawancinsu ba sa cewa komai in iska ta yi yawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a liƙe wutar a manta da gejin, sannan a ɗauki iyali a kama hanyar Funtua.

Saura tambayar ɗaya za a canza ko huɗu. In liba ce ta fasa ɗaya kuma sauran sun nuna batir mai ƙarfi, canza ɗayar ya isa. In batir ne ya mutu kuma duka tsara ɗaya ne, sauran suna tafe a baya, wata bayan wata. Tunda babban kuɗin aikin kwance taya ne, lokacin da ya fi dacewa shi ne ranar da za ka saka sababbin tayoyi. Ni na canza biyun baya nan take, na jira na gaba har tayoyinsu suka kai canji.

Ranar aikin ka tsaya a wurin. Ka nuna wa mai faci bawul ɗin ka ce masa, "Malam, akwai na'ura a ƙarƙashin nan, ka fara daga can nesa da ita." Leɓen taya ana karya shi ne nesa da bawul, kuma liba ba ta shiga daidai wurin, wajen cirewa ko wajen mayarwa. Notin bawul na alminiyom ba ya son ƙarfi, ɗauri kaɗan ya ishe shi, in aka matse da yawa robar gindin ta tsage ko bawul ɗin ya karye. Kar a yarda a zura masa allurar tagulla irin ta bawul ɗin roba, tasa mai rufin nikel ce, don tagulla da alminiyom in sun haɗu suna cin juna har su manne. Murfin ƙarfe mai ƙyalli ma haka yake yi, na roba ya fi. Ruwan liƙe faci da ake ɗurawa ta bawul yana iya toshe ɗan ramin da sensa ke shaƙar iska da shi. Bayan an gama a yi wa ƙafar balansin, a hura daidai lambar jikin ƙofa, sannan ka zagaya gari na kamar minti 20 tare da mai gyaran kafin ka cika masa kuɗinsa, don wata sensar sai an yi tafiya mota take gane ba ta jin ta. Lambobin huɗun ka rubuta su a takarda, kowace da ƙafar da take, ka haɗa da takardun mota.